Ruku'un da Ya Ƙi Ƙarewa

Ƙarfe huɗu saura na yamma, hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya cik, ba ruwa ba iska, sai zufa. Muna sallar la'asar a masallacin unguwarmu a Bilbis, sahu biyu da ɗan kai. Baba Mas'udu ne a gaba. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ban san kaina ba, kuma shekara ashirin da uku ke nan yana jan salla a wannan masallaci.

A raka'a ta uku ya yi kabbara ya sunkuya, muka sunkuya. Na yi tasbihi uku. Na ƙara uku. Ni ba mai gaggawa ba ne, amma har ni sai da na ji abin ya yi tsawo. Zufa ta biyo karan hancina tana ɗiga a tabarma. Tsohon da ke gefena gwiwoyinsa suka fara kaɗawa. Jatau ladan, wanda ke bayan liman daidai, ya ce, "Subhanallah." Baba bai ɗago ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, yadda ko na waje zai ji.

Ta wutsiyar ido na hango hannun Baba ya miƙo baya yana lalube. Ya kamo rigar Malam Tajuddeen, na'ibinsa, ya jawo shi gaba. Malam Tajuddeen ya ɗago da mu ya ƙarasa sallar. Shi kuwa Baba ya ja gefe a duƙe yana dafa bango, ya zame ƙasa, ya ida tasa a zaune.

Ana sallamewa aka yi kansa. Ya ce, "Baya ne. Ya riƙe."

Jatau taubashinsa ne, tun suna yara ba sa raga wa juna. Ya ce, "Liman, ai da ka hwaɗa muna tun da wuri. Mu mun zaci wani sabon hukunci ka gano cikin littahi."

"Jatau, in ba ka da abin cewa, kama ni in tashi."

Ni da Jatau muka kai shi gida, yana tafe a karkace tsakaninmu. Muna shiga zaure ruwan ya sauko.

Sunana Gambo, saboda tagwaye nake bi. A danginmu an ɗauka ƙafar wanda ya biyo tagwaye tana sakin baya. Ban san wanda ya fara faɗar haka ba. Na dai tashi na ga duk wanda ya dawo gona da ciwon ƙugu sai ya kwanta rub da ciki, a ce a kira Gambo. Ina ɗan shekara biyar nake hawa bayan Baba in yi ta tattaki ina dafe da bango, shi yana nishi yana sa mini albarka. To amma yanzu shekarata ashirin da huɗu, a injin niƙa nake aiki, buhun masara ni kaɗai nake ɗaga shi. Ba wanda ya zauna ya yi wannan tunanin, sai ni, ni ma a makare.

Ya kwanta a tabarma a ɗakinsa ya ce, "Hau."

Na ce, "Baba, na yi nauyi fa."

"Ƙahwar ce magani ko nauyin? Hau."

Na ɗora ƙafa ɗaya, na dafa bango, na rage nauyina iyakar iyawata. Wani abu ya ce ƙas. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, ya saki." Inna Suwaiba, matarsa, tana bakin ƙofa ta ce, "Ka ji ko? Ƙahwar yaron ga ba ta taɓa ba mu kunya ba."

Da asuba ko juyawa bai iya ba. Ciwon da ke ƙugu kaɗai ya sauko har bayan cinyarsa ta hagu.

Kwana huɗu yana kwance. Inna ta shafa man zafi, wanzami ya zo ya yi ƙaho, wani ya kawo jiƙon sassaƙe a jarka. Duk wanda ya shigo gaisuwa da nasa maganin. A rana ta biyar Jatau ya zo, ba wasa a fuskarsa, ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Liman, jama'a sunka aiko ni. Ka san mutanen Tsafe sun daɗe suna neman Tajuddeen, sabon masallaci anka gina musu. Ya roƙe su kwana arba'in. In ka tashi kahin nan, shi tahi. In ba ka tashi ba, ba mu iya sakin shi mu zauna ba liman. Shi za a tsaida."

"A tsaida shi har yaushe?"

Jatau ya juya hular. "A tsaida shi dai."

Baba ya mai da fuskarsa bango. Wanda ke zaune ba ya jan mutanen da ke tsaye salla, shi ya fi kowa sani, a bakinsa muka koya.

Na ce mu je asibiti Gusau. Ya ce ba inda za shi. Ya ji labari duk wanda ya kai musu baya sai sun yi masa aiki, shi kuwa wuƙa ba ta taɓa jikinsa yana da rai. Na lallaɓa, na lallaɓa, ya ƙi. Inna ce ta tashe shi. Tana tankaɗe a ƙofar ɗakin, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ƙyale shi, Gambo. Gobe ka ɗauki buzun nan nashi na salla ka kai ma Tajuddeen, kada shi yi ƙura a banza."

Washegari muka yi sammako, don hanyar nan ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. Motar Tsafe, daga can ta Gusau. Duk ramin da direba ya faɗa sai Baba ya yi salati ya harare ni, kamar ni na haƙa shi.

Likitan da ya fara duba shi ya tura mu sashen gashi, inda ake gasa wa mutane jiki ana motsa musu gaɓoɓi. Wata mace muka tarar, Malama Shafa'atu, ba za ta girme ni da shekara biyar ba. Baba yana ganinta ya ja ya tsaya.

"Ba namiji?"

Ta ce, "Yana hutu, Baba. Bismilla, zauna. A'a, ba a ƙasa ba, a kujera."

Ta yi masa tambayoyi. Ƙafar tana mutuwa? Tana jin kamar ana tsira allura? Fitsari yana kufce masa, ko yana ƙin fita? Baba ya kalli silin ya ce da ni, "Gaya mata lahiya lau." Tana tambayarsa, yana ba ni amsa, ina miƙa mata, alhali mu uku a ɗaki ɗaya muke, gwiwa na gugar gwiwa. Ta sa ya taka da duga-dugai, ya taka da 'yan yatsu, ta buga masa ɗan guduma a gwiwa.

Ta ce, "Wannan bayan ba na aiki ba ne. Zai warke in an bi shi a hankali. Me aka yi masa a gida?"

Na lissafa mata man zafi da ƙaho da sassaƙe. Sannan na ce, "Na kuma taka shi."

"Ka yi me?"

Na yi mata bayanin tagwaye. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ajiye biro.

"Kai ɗin nan? Malam Gambo, ko akuya ban yarda ta hau bayan nan ba. Kada ka ƙara. Ko ya ce ka hau, ko ya yi fushi, kada ka ƙara. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Kunya kamar in nutse.

Ta tambayi yadda yake wuni. Na gaya mata: daga asuba har hantsi yana zaune a buzu, a duƙe kan littafi, daga nan ya ɗauki fartanya, da yamma ya jawo ruwan alwalar masallaci da kansa, don ya ce ladarsa ba ya bar wa kowa. Ta ce zaman nan a riƙa katse shi, ya tashi ya taka. Kwanciya wuni guda ita ke ƙara ƙage bayan, ya daina. Ya riƙa tafiya safe da yamma, kaɗan-kaɗan yana ƙarawa. A jiƙa tawul da ruwan ɗumi a gasa masa. In zai ɗauki abu a ƙasa ya lanƙwasa gwiwa, kada ya karya ƙugu. Duk wannan Baba yana gyaɗa kai.

Sai ta shimfiɗa tabarmar roba ta ce, "Saura motsa jiki, shi ne babba. Kwanta in nuna maka."

Baba ya ce, "Gaya mata ba ni kwanciya."

Ni na kwanta. Ta sa na yi rigingine na rungumo gwiwoyina zuwa ƙirji. Ta sa na kafa ƙafafu na ɗaga ƙugu sama. Sannan ta sa na durƙusa a kan gwiwoyi da tafin hannu, in gantsare baya in sake shi, in miƙa ƙafa ɗaya baya in dawo da ita. Kowanne sau goma, safe da yamma. Ta ba ni takarda mai zanen wani ɗan mutum yana yin su. Baba yana kallona ina rarrafe a gaban mace, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa.

A mota ya ce, "Ka ga ba a yanka ni ba."

Na ce, "Ai ta ce sai an yi na takardar."

"Mun ji."

Gashin tawul ya karɓa, don Inna ke yi, a ɗaki. Tafiya ma ya karɓa, ya riƙa zuwa bakin rijiya ya dawo da carbi a hannu, mutane na gaishe shi. Takarda kuwa ya ninke ta ya tura ƙarƙashin filo.

Kullum da hantsi kafin in tafi inji sai in leƙa. "Baba, na takardar fa?"

"Gobe."

Goben ta yi, ya ce cikinsa a cike yake. Wata goben ya ce baƙi za su zo. Da na matsa sai ya fito mini da gaskiyar. Ya nuna ƙofar ɗakinsa, wadda labule ne kawai a jikinta. Ya nuna tsakar gida, inda matan 'ya'yansa biyu ke daka.

"Gidan ga akwai surukai. Iska ta ɗaga labule, matar ɗana ta gan ni ina rarrahe da gemuna? Ko a zaure kaka so in yi, inda kowa ka wucewa? Kai ba ka da hankali, ita yarinyar ba ta da shi, ni ma in rasa?"

Na ce a sa ƙofa. Ya ce a sa ƙofa yau, gobe a ce liman yana ɓoye wani abu. Na ce a aiki matan unguwa. Ya ce safe da yamma, kullum? Kowace hanya na kawo sai ya toshe ta. Kwana goma suka tafi a haka. Yana zuwa masallaci ya zauna a ƙarshen sahu ya yi salla a zaune, ya dawo yana huci. Ni kuma ina niƙa ina ƙirga kwanakin da yatsu, har na zuba wa wata mata garin dawa a cikin na masara, ta wanke ni tas.

Masarar bayan gida ce ta ba ni dabara. A lokacin ta fi mutum tsawo, ta yi duhu, ko saniya ta shiga ba a gani. Na shiga tsakiya na share wuri tsakanin kunya biyu, na baje shi, na kai tabarma. Da na gaya masa ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Kai za ka tsaya gadi."

Haka muka fara. Ya fito da carbinsa kamar mai zagaya gona, ya waiga dama da hagu, ya shige. Ranar farko na shiga na nuna masa, ya ce in juya baya. Ina juye ina ƙirga masa, yana gardama.

"Shida."

"Takwas ne."

"Baba, shida ne."

"Ni da nika yi ban sani ba, sai kai da ka ba ni baya?"

Amma yana yi. Kwana tara muna haka. Ciwon ya janye daga cinya ya koma ƙugu. Ya fara sa wando a tsaye. Ran nan na ji yana alwala bai yi nishi ba, na yi murna ban nuna ba, don in ya ga na yi murna sai ya ce ai dama ba wani ciwo ba ne.

A rana ta goma akuyar Jatau ta tsinke. Ni ina gadi ta gefen gida, shi ya shigo ta gefen rafi yana bin sawunta. Sai kawai na ji ihu daga tsakiyar masara.

"Inna lillahi! Jama'a! Liman ya hwaɗi! Ku kawo ɗauki!"

Kafin in kutsa in isa, maza uku da ke noma a gonar maƙwabta sun riga ni, sun tattake masara sun shigo. Sun tarar da shi a kan gwiwoyi da hannuwa, ƙafa ɗaya a miƙe. Ba wanda ya tambaye shi komai. Biyu suka kama hannuwa, biyu suka kama ƙafafu, suka yi sama da shi, bayan da muka yi kwana tara muna lallaɓawa yana lilo a tsakiya.

Yana cewa, "Ku sauke ni! Lahiyata lau! Jatau, Allah shi isa, ku sauke ni!"

Jatau yana cewa, "Ku yi sauri, ya hwara sambatu."

Ina bin su ina cewa ku tsaya, ku tsaya, ba faɗuwa ya yi ba. Muryata ba ta da ƙarfi, tun asali haka take. Ba wanda ya ji ni. Suka ratsa da shi ta tsakar gida, ta gaban surukan nan da yake gudu, mata suka saki taɓare suna salati, Inna ta fito da ludayi a hannu. Suka shimfiɗe shi a ɗaki, wani har yana neman ruwa a yayyafa masa.

Da ƙura ta lafa Jatau ya koma neman akuyarsa, ya dawo da tabarma da takardar. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana juya ta, yana duban ɗan mutumin da ke jiki. Na ga lokacin da ya gane. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Liman, ashe rarrahe ka koma? To Allah shi raya. Suwaiba, sai ki hwara dama mai koko, haƙora na nan tahe."

Kafin magariba ba gidan da labarin bai shiga ba.

Baba ya ce shi da takarda har abada. Ya daina fita tafiyar ma. Ɗaukar da suka yi masa ta tayar da ciwon, ba kamar farko ba, amma ya tashi. A rana ta uku ya aika aka kira ni daga inji. Na same shi kwance rub da ciki.

"Hau."

Na tsaya a bakin ƙofa da gari a jikina.

"Ba ka ji ba?"

Na ce, "Baba, ba ni hawa."

Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba. Ya ɗago kai ya dube ni kamar bai san ni ba.

"Ni nika ce ma ka hau."

"Na ji. Wancan hawan shi ya kai ciwon cinya. Ka yi haƙuri, ba ni ƙarawa."

"Yarinyar Gusau ta hi ni ke nan."

"Ba ta hi ka ba. Amma abin da ta ce shi ya sa ka sa wando a tsaye."

Inna ta ce daga waje, "Kai Gambo, ubanka ne fa. Ɗan taka kaɗan mana, ko da yatsa." Ita ma. Kwana ashirin da huɗu ina bin mutum kamar mai kiwon ɗan maraƙi, na share gona, na yi gadi, an zage ni a inji, kuma ni ne mai laifi. Na durƙusa na ce a gafarce ni, na tashi na koma wurin aiki.

Ya daina amsa gaisuwata. In na ce ina kwana sai ya ce da Inna, "Gaya mai lahiya."

Ana cikin haka Malam Tajuddeen ya zo duba shi. Mutumin kirki ne, matsalarsa ɗaya, sauri. In ya ja salla, kafin tsofaffi su kai ƙasa ya ɗago. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Malam, don Allah ka warke. Wallahi Tsafe nika so, can iyalina suke. Amma in kwanakin sunka cika ba ka tashi ba, ba ni iya barin jama'a haka nan."

Yana fita Baba ya ce da Inna, yadda zan ji, "Kin ji? Taimakona za shi yi. Jiya da isha'i kahin in kai rabin Fatiha ya yi sujada. Malam Abubakar Sadiƙ, tsohon ga na sahun gaba, har yau bai san raka'a nawa yay yi ba. Wanga shi za a bar ma masallacin?"

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ina ɗakina na ƙofar gida ina neman takalmi, sai inuwa ta rufe ƙofar. Baba ne. Tunda aka ba ni ɗakin bai taɓa takowa ba. Bai yi mini sallama ba, ƙofar langa-langar yake dubawa.

"Abin ga yana da sakata?"

"Yana da."

"Ta ciki?"

"Ta ciki."

Ya leƙa. "Share shi. Wari shika yi. Kuma ka cire hotunan 'yan ƙwallon ga, ba ni yi suna kallona."

Na share, na cire. Saura kwana goma sha uku. Takardar tana wurin Jatau, da na je karɓa ya ce ta ɓace, alhali na hango ta a aljihun rigarsa. Ban ja da shi ba, na riga na haddace ta da jikina. Baba ya shiga ya danna sakata, ni na zauna a dakali ina ƙirgawa a hankali ta jikin ƙofa. In wani ya zo wucewa sai in yi kamar waya nake dannawa. Kowa ya san abin da ake yi a ciki, kowa ya yi kamar bai sani ba, ban da Jatau, wanda in ya wuce sai ya ce, "A gaida jariri."

Ya koma tafiyar safe da yamma. Na ɗora masa littattafansa a kan wani ɗan benci don ya daina duƙawa, ya ce na mai da shi ɗan boko, amma bai sauke su ba. Komawa Gusau da aka ce mu yi kuwa ya ce ko a mafarki, ramukan hanyar sun ishe shi. Sai na kira Malama Shafa'atu a waya na gaya mata komai, har da masara. Na ji kamar ta rufe bakin wayar da hannu don kada in ji dariyarta. Da ta dawo ta ce ya gwada ruku'u a ɗaki tukuna, ya dafa gwiwa sosai, ya ɗago a hankali, kuma in ciwon ya sake sauka ƙafa mu zo ko yana so ko ba ya so.

Na isar da saƙo. Ya ce, "Yanzu kuma ruku'u za ta koya min? Shekara nawa gare ta?"

Amma da yamma na ji shi a ɗakina yana kabbara ƙasa-ƙasa, yana maimaitawa.

Ranar da kwana arba'in suka cika, azahar, rana ta take, an yi ruwa da safe ƙasa na tururi. Masallacin ya cika fiye da kullum, har da waɗanda sai Juma'a ake ganinsu. Jatau ya yi iƙama. Malam Tajuddeen ya dubi Baba. Baba bai dubi kowa ba, ya tashi daga ƙarshen sahu, ya ratsa, ya tsaya a gaba. Ya ce a daidaita sahu, ya ta da salla.

Ina sahu na biyu. Ban san abin da na karanta ba, Allah ya yafe mini. Ya yi kabbara ya sunkuya, muka sunkuya. Tasbihi uku. Masallacin tsit, ko tari babu. Na ƙara ɗaya. Ban san lokacin da kaina ya ɗago ba. Na gan shi dafe da gwiwoyi, ya ja numfashi, bayan ya taso a hankali, a hankali, har ya miƙe.

"Sami'allahu liman hamidah."

Yadda jama'a suka amsa, sai ka ce watan salla aka gani. Raka'a huɗu ya kai su. Tashi daga sujada ta ƙarshe ya ɗan jinkirta, ya dafa ƙasa da hannu biyu, amma ya zauna daidai ya yi tahiya ya sallame.

Aka yi ta miƙa masa hannu. Ya ce da Malam Tajuddeen, "Ka ƙara muna mako guda kana jan asuba da isha'i, sannan ka tahi. Allah shi ba da sa'a. In ka je can ka rage gudu, su ma suna da tsohhi."

Wani ya ce, "Malam, wane magani ne haka? Ni ma ƙugun ga ya dame ni."

"Sauƙi na Allah ne. Sai kuma man da Suwaiba ka shahwa min."

Ina tsaye a wurin.

Jatau ya ce, "Liman, akwai ƙara. Gambo ya riga ka ɗago kai a ruku'un hwarko. Da idona nig gani."

"Kai kuma ina naka kan yake da ka gan shi?" Amma ya juyo kaina. "Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

"Shekara nawa ina koya maka? Mamu shi riga liman? A sahu na biyu, gaban mutane? Wa ya ce ka yi gadina cikin salla?"

Yana faɗa yana tafiya, ina biye, har bakin ƙofa. Cunkoson masu fita ya watsa takalma, nasa ɗaya ya faɗa ƙasan dakali cikin laka, ɗayan ya kife can gefe. Ya tsaya yana dubansu daga sama. Na sauka na ɗauko su, na goge lakar da gefen hannuna, na jera masa a kan dakalin daidai ƙafarsa.

Ya zura dama, ya zura hagu.

"Kuma ɗakin nan naka har yanzu wari shika yi," ya ce, ya sauka ya nufi gida.